'Yancin Wata Biyu

Ranar da kwalara ta kashe mutum na uku a layinsu, Dona Karlota ta gano cewa a jikin bayi ciwon yake shiga gida. Ba likita ne ya gaya mata ba. Ita ta zauna ta yi tunani da kanta. Wa ke zuwa kasuwa? Altine. Wa ke ɗebo ruwa? Altine. Wa ke kai tukunyar ba-haya bakin teku? Altine. Magana ta ƙare.

A birnin Bahiya ne, ƙasar Brazil, shekarar 1855. Altine Bahaushiya ce, shekararta ashirin da uku tana bauta a gidan. Su masu gidan Benta suke kiranta, sunan da wani fadan coci ya laƙa mata da ruwa a goshi ba tare da ya tambaye ta ko tana da wani ba.

Ta dawo daga kasuwa da hantsi ta tarar an kulle ƙofa. Uwargijiyarta, wadda take kira Sinya, ta leƙo ta tagar bene, ta toshe hanci da ƙyalle.

"Tsaya nan, Benta. Kada ki taɓa ƙofar."

"Sinya, kifi ne. Zai lalace."

"Sa shi a nan."

Sai ga kwando yana saukowa a igiya. Altine ta sa kifin da garin rogo da lemon tsami, kwando ya hau.

"Daga yau haka za mu yi. Ke kina waje, mu muna ciki. Don lafiyarki ne ke ma, kin ga yaran nan ba sa rabuwa da tari."

"A ina zan kwana, Sinya?"

"Ga lungun gawayi nan, ai da rufi. Kuma ki saurara da kyau. In Allah ya ɗauke mana wannan masifa, maigida Sinyo zai rubuta miki takardarki. Na yi alkawari."

Altine ta sunkuyar da kai. Ta ji alkawarin nan ranar da aka haifi ɗan fari, ta ji shi lokacin ciwon shawara da ya kwantar da rabin gari shekara biyar baya. Duk da haka ta sake sa rai, kamar yau ta fara ji. Takardar 'yanci ita ce kaɗai abin da take roƙo da suna in ta yi sallarta a ɓoye. Ta share gawayi gefe guda, ta shimfiɗa buhu.

Akwai abin da ba wanda ya tuna da shi, kuma a yi wa mutanen gidan adalci, ba da mugunta suka manta ba. Tun da Altine ta zo gidan ba a taɓa fitar mata da rabon abinci ba. Ita ce mai girki, ƙanzon tukunya da ragowar faranti su ne cinta. Yanzu Dona Karlota ke girki da hannunta, tana ƙona rabi, yara na cinye rabi. Kwando yana hawa a cike, yana saukowa da umarni.

Kwana biyu Altine na shan ruwa tana ɗaure ciki da zane.

A kwanar layin akwai Laraba mai ƙosai, ita ma Bahaushiya, wadda ta fanshi kanta shekara takwas da suka wuce, tun daga nan kuma bakinta bai sake rufuwa ba. Rana ta uku ta ajiye matsami ta ƙaraso.

"Ke Altine, gadi aka ba ki? Tun shekaranjiya nake ganinki a ƙofa."

"Sarauta aka yi mini, Yaya. Ni ce uwar gawayi."

"To ranki ya daɗe, me aka ci a fada yau?"

Altine ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Laraba ta dube ta sosai, ta ɗaga kai ta dubi bene, ta ja tsaki. Ta koma ta dawo da ƙosai biyar a ganyen ayaba da ƙwaryar kunu.

"Ci. In kika ce mini na gode zan karɓe abina."

Daga ranar kullum da safe sai ta kawo. Malam Yusufu, wani dattijo ɗan dako da ke hawo da kaya daga bakin jiragen ruwa zuwa saman gari, shi ma in ya biyo yakan ajiye mata ayaba ko gutsuren busasshen nama, ya wuce kamar ba shi ya ajiye ba.

Dona Karlota ta ga duk wannan ta taga, abin ya taɓa mata zuciya har ta kira mijinta.

"Teodoro, zo ka gani. Mutanen nan akwai zumunci. Ka ga yadda suke kula da junansu?"

Sinyo Teodoro mutum ne mai ilimi, aikin takardu yake yi a ƙasan gari. Ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Ya kamata mu riƙa sauke mata wani abu," in ji shi, a hankali, yadda mutum kan faɗi abin da yake fatan a hana shi.

"Mu ɓata wa baiwar Allah ladanta? Matar nan da zuciya ɗaya take yi. In muka shiga, sai ta ga kamar mun raina kyautarta."

Sinyo ya ga akwai hikima a maganar. Suka bar wa Laraba ladanta cif, ba su taɓa ko ƙwaya ba.

Amma alheri yana da yaɗuwa kamar kowace cuta. Ganin na Laraba, sai Dona Karlota ta ji ita ma tana son yi. A gidan da ke kallon nasu akwai wata gwauruwa, Dona Zulmira, wadda bayinta biyu suka mutu cikin mako guda, ga ɗanta kwance. Suka yi magana taga da taga.

"Ba ni da mai wanke mini ko zanen gado," in ji Dona Zulmira tana kuka.

"Haba, muna nan? Ga Benta zaune ba ta komai. Benta! Je ki taimaki maƙwabciyata."

Altine ta miƙe. "Sinya, ciwon ne a gidan."

"Shi ya sa suke bukatar taimako. Kina son takarda, amma ba kya son aikin lada?"

Ta je. Ta naɗe zannuwan da suka jiƙe da abin da ke fita daga jikin yaron, fari kamar ruwan shinkafa, ta ɗora a ka ta kai mawanka. Ta kwashe tukwane. Kafin mako ya zagayo gida uku take yi wa hidima, domin labari ya bazu cewa Dona Karlota ba ta iya ganin maƙwabci cikin wahala. Wata safiya Dona Zulmira ta ba Altine farantin alewar kwakwa, an rufe da farin ƙyalle, ta ce a kai wa uwargijiyarta tukuicin karamci. Altine da hannunta ta sa farantin a kwando. Ta tsaya tana kallonsa yana hawa.

"Ke wace irin jaka ce?" in ji Laraba da ta ji. "Ko ɗaya ba ki ɗauka ba?"

"A lissafe suke, Yaya."

"Ki ce ba za ki ƙara shiga gidan ba."

"In ce wa wa? Saura kaɗan. An ce ciwon ya fara sauƙi a ƙasan gari."

Bai yi sauƙi ba. Amalanken gawa yana wucewa sau biyu a rana, masu turawa sun daina ma kaɗa ƙararrawa.

Kwana na goma sha tara da rufe ƙofa, da la'asar, Altine na dawowa da tulu sai cikinta ya murɗa. Ba ta kai lungunta ba. Kafin magariba ƙafafunta sun ɗaure, idanunta sun faɗa, fatar yatsunta ta yamutse kamar ta wuni a ruwa. Ta rarrafa ta jingina da ƙofar gidan.

"Sinya," ta ce, da wata murya siririya da ba tata ba. "Ruwa."

Taga ta buɗe, ta rufe da sauri.

A ciki aka yi shawara. In ma'aikatan lafiya suka ga baiwa mai ciwo a ƙofa, za su shiga gidan su yi hayaƙi, su ƙona katifu. Kuma ubangida ne zai ɗauki jinyarta, in ta mutu shi zai binne. Sinyo Teodoro ya yi ta kai da kawowa a falo. Can ya tsaya, ya zauna, ya jawo tawada. Ilimi bai taɓa ba shi kunya ba.

Laraba ta iso da gudu, Malam Yusufu na biye da ita, daidai lokacin da Sinyo ya leƙo ya saki takarda. Ta yi lilo a iska ta faɗa kwata. Malam Yusufu ya tsamo ta da yatsa biyu.

"Takardarta ce," in ji Sinyo. "Mun cika alkawari. Daga yau 'yantacciya ce, ba mu da iko da ita." Ya gyara murya. "Kuma 'yantacce ba ya kwana a ƙofar mutane. Ku ɗauke ta kafin a gani."

"Allah ya saka, Sinyo," in ji Laraba da harshensu. Sannan ta ƙara wata magana da Hausa wadda gara da bai ji ba.

Malam Yusufu ya goya Altine kamar buhun sukari. Shekara arba'in yana dako, ya ce bai taɓa ɗaukar kaya mara nauyi irin wannan ba, abin ya ba shi tsoro.

Ɗakin Laraba a ƙarƙashin wani tsohon bene yake, taga ɗaya daidai da ƙafafun masu wucewa. Ta kwantar da Altine a tabarmarta. Ta riƙa ɗura mata ruwan kwakwa da ruwan dafaffiyar shinkafa, cokali cokali. Ya fito, ta sake ɗurawa.

"Kada ki kuskura ki mutu mini a ɗaki, jiya na share."

"Yaya, takardar."

"Tana nan, tana shanya. Haɗiye."

"Karanta mini."

"Da wane idon? Malam ma da ya sauke, ya ce rubutunsu ta baya yake tafiya."

Malam Yusufu ya kai takardar bakin jirgi, wani mai awon kaya ya karanta masa sau uku har ya haddace. Ya dawo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya juya mata da Hausa: saboda ƙaunar da muke mata, da hidimarta ta aminci, mun 'yanta ta kamar da 'yanci aka haife ta.

"Ƙauna ya ce, Baba?"

"Haka aka rubuta."

"Sake faɗi."

Ya sake. Laraba ta fita waje, wai hayaƙi ya shiga mata ido.

Unguwa ta ji cewa mai ƙosai na jinyar kwalara. Ranar farko rabin ƙullu ya kwana. Rana ta uku ko mutum ɗaya bai tsaya ba, har waɗanda ke yaba mata a baki suna tsallaka titi kafin su yaba. Ta kife kaskon. Ta sayar da zanenta na fita, sannan awarwaronta. Malam Yusufu ya riƙa raba abincinsa uku.

Altine kuwa, saboda taurin kai ko saboda ba ta saba samun hutu ba, ta ƙi mutuwa. Kwana tara ta zauna. Kwana ashirin ta fita bakin ƙofa. Da ta yi wata guda, wata safiya ta lallaba har gangaren da ake hango teku, ta zauna a kan dutse. Shekara ashirin da uku tana zuwa bakin tekun nan da tukunya a ka, ba ta taɓa lura cewa launinsa yana canzawa ba. Ta zauna har rana ta take. Ba wanda ya kira ta. Sau biyu tana zabura da kanta.

Laraba ce ta san sauran zancen, don ta bi hanyar.

"Wannan takarda ba ta zama takarda ba tukuna. Sai an shigar da ita babban littafi wurin magatakarda. In ba haka ba, duk ranar da ta ɓace, ke ma kin ɓace."

Malam Yusufu ya kai. Zuwan farko ofis a rufe. Zuwa na biyu aka ce magatakardan ya rasu. Zuwa na uku, bayan annoba ta lafa, ya tarar da sabo, wani saurayi mai tsabta, wanda ya duba takardar daga nesa ya ce babu shaidu a jiki. Sai mai sa hannun ya zo da kansa ya ce hannunsa ne.

Suka zauna su uku a ɗakin, takardar na tsakiya.

"Suna zaton kin mutu," in ji Laraba. "A bar su a haka. Malam ya je ya ce kina gargara, ana son a shigar da takardar don kada gawa ta dawo wuyansu. Da gudu zai sa hannu."

"Ba zan kira wa kaina mutuwa da bakina ba, Yaya. Allah ya tashe ni, in ce ban tashi ba?"

"To ba bakinki ba ne, bakin Malam ne."

Malam Yusufu ya sosa gemu. "Ni ma dai, Laraba, ƙarya a kan rai..."

"Ku ji mini mutane! Su da suka jefo takardarta kwata?"

"Kuma ban yi musu sallama ba," in ji Altine a hankali. "Yaran nan a bayana suka girma. An yi annoba an gama, ban je na ce musu barka da arziki ba? Ko a garinmu wanda ya tashi daga ciwo yakan zaga ya gai da mutane. In na je da mutunci, da mutunci za a sallame ni."

"Garinku," in ji Laraba. "Kin ga garinku a nan?"

Amma ta soya mata ƙosai da ragowar wakenta, don ba a zuwa gaisuwa hannu sake. Ta raka ta har ƙofa, ta tsaya a waje.

Wannan karon ƙofa ta buɗe. Dona Karlota ta ƙwalla ƙara, ta yi alamar gicciye, sannan ta dube ta daga sama har ƙasa: ƙafa biyu, hannu biyu, duk suna aiki. Ta dubi nata hannuwan, da ƙunar wata biyu ta girki.

"Benta! Ikon Allah! Teodoro, zo ka ga abin al'ajabi! Kullum sai na yi miki addu'a, ki tambayi yara."

Yara suka rungume ta, suka cinye ƙosan a tsaye. Aka shigar da ita falo, har aka kusa ba ta kujera. Altine ta durƙusa ta yi barka da arziki, ta yi ta'aziyyar ɗan Dona Zulmira da ciwon ya ɗauke, ta tambayi tarin yara. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da takardar, ta faɗi abin da magatakarda ya ce.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," in ji Sinyo Teodoro. Ya miƙo hannu. "Kawo. Hanyata ce, gobe zan shigar."

Altine ba ta saki ba. "Sinyo, ko mu tafi tare? In riƙe ta har can."



"Ba ki yarda da ni ba ke nan." Bai ɗaga murya ba, mutum ne mai tarbiyya. "Ni da na rubuta da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Kin san abin da doka ta ce a kan wanda aka 'yanta ya yi butulci? Ana iya soke takardar. Ba na so mu kai can, Benta."

Ta waiga. Ta ƙofar da aka bari a buɗe tana hango Laraba a titi, tana girgiza mata kai. In ta riƙe, butulci ne, a soke. In ta fita da ita, takarda ce mara shaidu da ta sha ruwan kwata. Ta duba ko akwai hanya ta uku. Hannun Sinyo na nan a miƙe, da haƙuri.

Ta sa masa a hannu. Ya ninke ta da kyau ya sa a aljihu.

"Kafin a gama, ki zauna a nan," in ji Dona Karlota. "'Yan sanda na kama duk baƙin da ba shi da takarda a jiki. Ba zan iya barci ba in kina yawo haka." Ta leƙa waje. "Ke mai ƙosai, an gode ƙwarai, Allah ya biya ki. Sai dai ta rame a hannunki." Ta tura ƙofar.

A watan nan aka yi taron godiya a coci, aka ambaci gidajen da suka taimaki maƙwabta lokacin tsanani, gidan Sinyo Teodoro na ciki. Ba a yi ƙarya ba. Layin nan an yi alheri a cikinsa, Laraba ta ba da abincinta da tabarmarta da sana'arta, Malam Yusufu ya ba da bayansa. Sun yi jinya tsakani da Allah, sun tashi mace daga bakin kabari, kuma duk abin da suka kashe ya tafi inda dukiya ta saba tafiya. Sinyo ya ba da aron baiwa mai mutuwa, an dawo masa da mai lafiya. Laraba ta koma kwanarta da waken bashi, tana kiran masu saye da suka riga suka saba da wata.

Altine ta bari mako ya cika, don kada a ce ta matsa. Ran Litinin da safe ta kawo wa Sinyo kofi, ta tsaya har ya kurɓa.

"Sinyo, an shigar?"

Ya ɗago ya dube ta da fuskar mutumin kirki da ke iya ƙoƙarinsa ya tuna.

"Me fa?"

"Takardar."

"Wace takarda, Benta?"